Fim ɗin ninjoji biyar: shin ya dace da yara?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Mai gidan kallon unguwarmu ya sake saka tsohon fim ɗin Chanis ɗin nan na 1982 mai suna Five Element Ninjas, na kamfanin Shaw Brothers, wanda ninjojin Japan suka hallaka makarantar kunfu, ɗalibin da ya tsira ya koyo fasaharsu ya dawo ɗaukar fansa. Yayyena, mene ne ra'ayinku a kansa, kuma ya dace yara su kalla?

Baffa daga Gaya: Wa'alaikumus salam, ɗana. Abin da ya sa har yau nake girmama shi shi ne yadda aka raba ninjojin gida biyar: zinariya, itace, ruwa, wuta da ƙasa. Na zinariya suna kashe ido da ƙyalli, na ƙasa kuwa daga ƙarƙashin turɓaya suke soke mutum, har ɗakin kallo ya yi tsit.

Malama daga Kazaure: Baffa, ban musa ƙwarewarsu ba, amma jinin ya yi yawa, kuma washegari yara ke kwaikwayon faɗan da karan dawa. Ni dai ina ganin a bar wa manya shi.