Baba ya gama gashin kansar maƙogwaro, yanzu an ce jijiyar wuya ta tsuke

Mai tambaya, daga Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa mahaifinmu gashin kansar maƙogwaro, wato ƙona cutar da hasken na'ura a asibiti, shekarun baya, Allah Ya ba da sauƙi. Makon jiya hannunsa na dama ya saki, harshe ya karye, cikin 'yan mintoci ya dawo daidai. Hoton wuya ya nuna babbar jijiyar hagu mai kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke. Kawunmu ya dage a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Me kuka gani?

Ma'aikaciyar jinya, Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Don girman Allah kada ƙaho ko tausa su kusanci wuyan nan, ɓarɓashin da ya daskare a jijiyar yana iya ɓallewa ya haye ƙwaƙwalwa. Abin da ya same shi gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma kwanakin farko sun fi haɗari. Gashi yana kashe cutar kansa, amma yana ƙona bangon jijiya ya bar tabo, sai bayan shekaru take tsukewa. Likita kan fara da asfirin, maganin rage kitsen jini, da saita hawan jini da suga. In Baba na shan taba, yau ya ajiye.

Wata daga Talata Mafara:
Allah Ya ba Baba lafiya. Ku lallaɓa Kawu, don ƙauna ya faɗa.

Wani likita:
Ƙari kan bayanin Hajiya ma'aikaciyar jinya. Wanda ya nuna alama kuma tsukewar ta kai kashi 70 cikin 100, magani kaɗai ba ya wadatarwa. Ko a buɗe wuya a kankare jijiyar, ko a zura ɗan bututun raga ta jijiyar matsematsi a buɗe ta daga ciki. Wuyan da ya sha gashi namansa ya taurara, rauni ba ya saurin warkewa, kuma wuƙa na iya taɓa jijiyoyin murya da haɗiya, shi ya sa aka fi karkata ga bututun. Sai dai shi ma yakan sake tsukewa, dole a riƙa maimaita hoto. Ku karɓi takardar turawa daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko Shika, ku tafi da takardun gashinsa.

Mai tambaya:
Mun gode, Likita. In abin ya dawo da dare fa?

Likitan:
A ɗauke shi zuwa asibiti a take, ko da ya warware a hanya. Ku riƙe lokacin da ya fara, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta.