Ta ina za a fara da tarihin El Gran Combo?

Kwanan baya wani ƙaninmu ya ce yana son sanin asalin El Gran Combo de Puerto Rico, wata ƙungiyar kiɗan salsa ta tsibirin Puerto Rico, sai hira ta ɓarke tsakanin masu sha'awar kiɗan salsa. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce kada ya fara da 1962, shekarar da aka kafa ƙungiyar. Ya koma baya ya saurari Cortijo y su Combo, ƙungiyar makaɗi Rafael Cortijo, tukuna, domin daga can aka ɓalle. Da aka kama mawaƙinsu Ismael Rivera da laifin ƙwaya, tafiyar ta wargaje, sai mai kaɗa fiyano Rafael Ithier ya tattara abokansa, irin su Eddie Pérez da Roberto Roena, suka ɗora sabon gini. Wasu masoyan Cortijo sun ɗauke su maciya amana a lokacin.

Inda aka fi jan magana shi ne batun mawaƙa. Wani dattijo ya dage cewa a bi tarihin ta muryoyi: zamanin Pellín Rodríguez da Andy Montañez, zuwan Charlie Aponte a 1973, sannan Jerry Rivas a 1977 bayan Montañez ya tafi Benezuwela. Ni ma nan na fi karkata, don kunne ya fi riƙe murya a kan shekara.

An kuma ce ya nemi bidiyonsu, ya ga mawaƙan gaba uku suna taka rawa ƙafa ɗaya, cikin kwat iri ɗaya. Laƙabinsu na "jami'ar salsa" kuwa, yawan makaɗan da suka goge a hannun Ithier ne ya jawo shi.