Wa ya fara tsarin jeren sauti 12, Schoenberg ko Hauer?

Ɗalibin Kiɗa:
Assalamu alaikum. Littattafan tarihin kiɗan Turai da na duba duk sun danganta tsarin jeren sauti 12 ga Arnold Schoenberg, sai ga shi kwanan nan na ci karo da sunan Josef Matthias Hauer, wanda aka ce ya riga shi. Ina roƙon masana su warware mini wannan ƙulli, su kuma bayyana yadda tsarin yake.

Malamin Piyano:
Wa alaikumus salam. Idan ka dubi piyano, sautuka 12 ne ke maimaituwa daga ƙasa zuwa sama, maɓallai farare 7 da baƙaƙe 5. A tsohon tsari sauti guda ne maigida, sauran su fita su komo wurinsa. Schoenberg ya tuɓe wannan maigidan, ya jera sautukan 12 bisa tsari ɗaya wanda daga cikinsa waƙar duka za ta fito. Ana kaɗa jeren yadda yake, ko daga ƙarshe zuwa farko, ko a kife shi hawa ya koma sauka, ko a haɗa biyun. Kuma tunda kowanne zai iya farawa daga kowane sauti, siffofi 48 ke nan. Ka saurari aikin Schoenberg na piyano mai lamba 25, wanda ya kammala a 1923.

Mai Bibiyar Tarihi:
Malam ya yi bayani, amma a ba Hauer haƙƙinsa. Tun 1919 ya rubuta kiɗansa mai suna Nomos a Vienna da sautuka 12 ɗin. Sai dai hanyarsa dabam ce: yakan raba su gida biyu, shida-shida, ba tare da tilasta wanda zai riga wani a cikin rukuni ba, kuma irin wannan rabo 44 ya ƙidaya. Abin ya tsaya masa a rai har ya sa aka yi masa hatimi mai shelar cewa shi ne mafarin tsarin.

Malamin Piyano:
Ban musa ba, ɗan'uwa. A ganina abin da ya sa Schoenberg ya yi rinjaye almajiransa ne, wato Alban Berg da Anton Webern. Bayan yaƙin duniya na biyu, matasan da ke taruwa a Darmstadt ta Jamus, irin su Boulez da Stockhausen, ayyukan Webern suka tasa a gaba, suka faɗaɗa jeren har ya shafi tsawon sauti da ƙarfinsa.