Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: hannun wa ake nufi?

Malamin Damagaram: Assalamu alaikum. A tarurrukan raya karkara ana yawan kawo karin maganar nan, kuma galibi manufar mai jawabi ita ce mutanen ƙauye su jira taimakon gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji. A ganina an karkatar da ita, domin mai ɗaki ne yake gina bango, ya ɗaure tsaiko, ya yi baibaya, sannan ya kira maƙwabta su kama masa a ɗora. Wanda bai tanadi komai ba, ba shi da abin da za a ɗaga masa.

Bamaradiya: Wa alaikumus salam, Malam. Sassabin zamani, wato renon itatuwa daga kututturan gona, a ƙasarmu ta Maradi shaida ce ga maganarka. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya lura a 1983 cewa kututturan sabara da kalgo da gawo da ke cikin gonaki suna da rai, kuma idan aka rage tohonsu aka bar kaɗan masu ƙarfi, sai su koma bishiya. Lokacin yunwar 1984 an riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabon abincin ya ƙare, da yawa suka sare su. Aikin bai kafu ba sai da manoma suka ga makamashi da abincin dabbobi da ƙarin gero a gonar maƙwabci, suka riƙa koya wa juna. Yau ana ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kudancin Nijar.

Ɗan Katsina: Hajiya, ina neman afuwa, amma labarinki ya fi dacewa da "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo". Kowa gonarsa ya gyara, to ina ɗaukar jinkar a nan? Kuma kada mu manta baƙo ne ya farfaɗo da dabarar.

Bamaradiya: Ƙanena, ban musa alherin baƙon ba, sai dai gyaran toho shi ne ɓangare mai sauƙi. Manomi zai shekara uku yana renon itace, dare ɗaya wani ya zo da gatari ya kwashe, kuma wannan ba abin da mutum ɗaya zai iya hanawa ba ne. Shi ya sa a Ɗan Saga, cikin yankin Agye, aka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, aka sa mata da makiyaya a ciki, suka tsara ƙa'idojin sara da tarar da za a ci wanda ya karya su. Da an bar makiyaya a waje, da rikici aka shuka maimakon itace.

Malamin Damagaram: Akwai kuma hannun hukuma, wanda bai kamata mu raina ba. Muddin doka ta ɗauki bishiya a matsayin mallakar gwamnati, kuma jami'in gandun daji yana iya cin tarar manomi a kan itacen gonarsa, ba wanda zai yi sha'awar renonta. Sassaucin da aka samu a aikace, wanda dokar gandun daji ta 2004 ta biyo baya, ya ba kwamitocin nan ƙarfin gwiwa.

Ɗan Katsina: Na gamsu da batun kwamiti, Hajiya. Abin da nake so ki ƙara mana haske a kai shi ne yadda ake zaɓen 'yan kwamitin, da kuma inda kuɗin tarar yake shiga, domin a nan ne ƙungiyoyin ƙauyukanmu suka fi wargajewa.