Neman Shawara: A Ina Kalmar "Thoughtful" Ta Dace?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan kalmar Turanci "thoughtful", domin na ci karo da ita a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba. Wata abokiyar aikina ta ce mini "That was thoughtful of you" ranar da na ajiye mata abinci saboda taro ya riƙe ta har bayan azahar, sannan malamin ƙanena ya rubuta masa "a thoughtful answer" a gefen takardar jarrabawarsa. Yanzu ina so in rubuta wa likitar da ta kula da mahaifiyata wasiƙar godiya, kuma ba na son in sa kalmar inda ba ta dace ba.

Wani malamin Turanci ya amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun daidai ne, saboda tushen kalmar shi ne "thought", wato tunani. Idan aka siffanta amsa ko rubutu da ita, ana nufin mai shi ya natsu ya auna magana kafin ya rubuta, wanda shi ne yabon da aka yi wa ƙaninki. Idan kuwa mutum aka faɗa wa saboda abin da ya aikata, ana nufin ya tuna da buƙatar wani tun ba a roƙe shi ba, kamar yadda kika hango cewa abokiyar aikinki za ta fito da yunwa. Haka kuma "she looked thoughtful" na nufin an ga ta yi shiru tana tunani, ba yabo ba ne.

Wata 'yar'uwa ta ƙara da cewa: A ganina, ki bambanta ta da "considerate", wadda ta fi kusa da kararmu ta Hausa, wato mutum ya kiyaye kada ya takura wa wasu, misali ya rage ƙarar rediyo domin maƙwabci yana barci. Ita "thoughtful" ta ɗara haka, sai mutum ya motsa ya yi wani abu. Saboda haka ki tambayi kanki abin da likitar ta yi. Idan ta kira ku bayan sallama tana tambayar jikin Mama, kalmar ta zauna daram, amma idan ƙwarewarta a aiki kike yabo, "skilled" ko "dedicated" sun fi dacewa.

Malamin ya sake cewa: Gaskiya ne, Hajiya. Malama, ki rubuta "It was thoughtful of you to call", da "of", ba "for" ba, kuma harafin "l" ɗaya ne a ƙarshen kalmar. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya.