Kowa da yadda yake kafa tsinkensa

Abu Hanif: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu buga golf. Na daɗe ina lura da wani abu a wurin bugun farko. Kafin sanda ta taɓa ƙwallo, kowa yana da 'yar ɗabi'arsa wajen kafa tsinken da ake ɗora ta a kai, wato ti. Abokin wasana in ya sunkuya sai ya miƙe ƙafar hagu baya kamar zalɓe, ya dogara da sanda, ya yi ta juya ƙwallon har sai rubutun jikinta ya kalli inda yake so ta je. In ya karkace ko kaɗan, sai ya sake. Wata rana muka matsa masa ya buga haka nan, ƙwallon ta tafi kai tsaye cikin ruwa. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara ce masa uffan. Ku me kuka gani?

Ummu Khalil: Wa alaikumus salam, Malam. Ni launi nake bi, farin tsinke kawai. Mai launi yana ɗauke mini hankali, sai in ga idona na kansa maimakon ƙwallon. Kuma da yatsu biyu nake auna tsayinsa, yadda rabin ƙwallon zai leƙo saman kan babbar sanda. Haka mai koyar da ni ya nuna mini ranar farko, ban kuwa taɓa sakewa ba.

Bahago: Hajiya, kin tuna mini da wani dattijo da muke zagayawa tare. Bai taɓa sayen tsinke ba! Karyayyun da mutane suka bari yake tsinta ya cika aljihu, in aka zo ramin da ba shi da nisa daga wurin bugun farko ya zaro guntu ya soka. Yana da gaskiya ma, don a can ƙasa-ƙasa ake son ƙwallon ta zauna. Abin da ke ba mu dariya shi ne bayan ya buga. Kowa ya ɗaga kai yana bin ƙwallo a sama, shi kuwa yana duƙe yana laluben tsinkensa cikin ciyawa, sai daga baya ya ce, "Yara, ina ta sauka?"

Dattijo: Ɗana, ka bar masu tsintar tsinke, mun san darajarsa. Mutanen da ai da jiƙaƙƙen yashi suke yin ɗan tudu su ɗora ƙwallo, har akwati ake ajiyewa na yashi a kowane wurin farawa. Wani likitan haƙori baƙar fata a Amurka, George Grant, shi ya yi rajistar tsinken katako a 1899, amma bai bazu ba sai a shekarun 1920, da wani likitan haƙorin, William Lowell, ya fito da nasa mai suna Reddy Tee. Ni dai sau uku nake taka ƙasa a bayan ƙwallon kafin in tsaya. Ba camfi ba ne. Cikin takun nan uku numfashina ke daidaita, kafaɗuna su saki, in manta da idanun da ke bayana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rami na 1 mutane sun yi tsit suna kallonsa ya san hannu na rawa a wurin.

Autan Fili: Baba, wallahi rawar hannun nan ita ta kawo ni. Ƙanena ranar gasarsa ta farko, sau uku ƙwallon na gangarowa daga kan tsinke yana gyara sanda a bayanta. Wani a cikin masu kallo ya ɗaga murya ya ce, "Ɗaya!" Aka kwashe da dariya, yaro ya tsaya zuru, ya ɗauka da gaske an lissafa masa bugu. Na ji tausayinsa ƙwarai. Shin ana lissafawa?

Abu Hanif: Ba a lissafawa, ƙanena. In dai bai kai bugu da niyya ba, ya mayar da ita kan tsinke, babu hukunci. Amma in ya kai bugu ya kuskure ta, wannan bugu ne, ko da iska kawai ya sara. Tsokanar nan ta "ɗaya" tsohuwa ce, sai dai ni ban yarda a yi wa sabon shiga ita ba.

Ummu Khalil: Wanda ke damuna shi ne mai satar taku. Ya kafa tsinke gaban alamomin nan biyu da ke nuna iyakar wurin bugun farko da ɗan taƙi, kamar hakan zai ƙara masa wani abu. A gasar ƙirga bugu, inda mai mafi ƙarancin bugu ke cin nasara, hukuncin ƙarin bugu 2 ne, kuma dole ya sake bugawa daga inda ya dace. Alhali an ba shi fili har tsawon sanda 2 zuwa baya, zai ma iya tsayawa a waje in dai ƙwallon na ciki.

Bahago: Akwai kuma masu dogon tsinke kamar an ɗora ƙwai a kan turke. Doka ta tsaya a inci 4. Ƙwararriyar 'yar golf Laura Davies ta Ingila kuwa sau da yawa ba ruwanta da tsinke, ƙasa take sara da sanda ta tada ɗan tudu ta ɗora ƙwallon. Na gwada bara, ya karɓe ni, musamman ranar da iska ke fuskantata don ƙwallon ba ta tashi sama sosai.

Dattijo: To ka riƙa mayar da ciyawar in ka gama, ɗana. Mu na bayanka a wurin za mu tsaya.