Wai tsotson maigida yana hana sankarar mama? Muhawarar zauren matan aure

Amaryar Bana: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wani saƙo aka turo mini, wai likitoci sun gano macen da mijinta ke yawan tsotson nononta ba ta kamuwa da sankarar mama, don haka mai hana miji kanta take cuta. Oga ne ma ya turo, har da alamar dariya. Don Allah gaskiya ne?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikis salam amarya. Gaskiya ne mana, ai an daɗe ana faɗa. Duk watan Oktoba in an shiga wayar da kai kan sankarar mama sai kin ga saƙon nan yana yawo. Wai jini ne ke gudana, dattin ciki ya fita. Ki ba shi abinsa, ga lada ga lafiya.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Mu dai da muka taso nono na jariri ne. Ku yaran yanzu kun mai da shi abin wasan manya, shi ya sa yarinya haihuwa ɗaya sai ki ga komai ya kwanta.

Sista Ungozoma: Ku tsaya a raba zancen, don magana uku kuka haɗa wuri ɗaya. Ta sankara tukuna. Maman 'Yan Biyu, babu binciken da ya nuna tsotson miji yana kare mace. Abin da aka tabbatar shayar da jariri ne. A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da wani babban nazari da ya tattara bincike 47 daga ƙasashe 30, aka ga duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa haɗarin yana raguwa da kusan kashi 4 cikin 100. Dalilin kuwa ba motsin baki ba ne. Mai shayarwa al'adarta kan ɗauke na tsawon watanni, sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya yi ƙasa, tsokar da ke haɗa madara ita ma ta sauya. Bakin maigida ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maman 'Yan Biyu: To Sista, ai tsotso tsotso ne. Mene ne bambancin?

Sista Ungozoma: Jariri yana kama nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, dare da rana, wata da watanni, a jikin da ya riga ya shirya madara tun yana ciki. In ogan naki zai iya wannan aikin sai mu sake zama.

Uwargida Ran Gida: Wayyo cikina! Ai zai bar zuwa kasuwa ke nan.

Maman 'Yan Biyu: Ku yi dariyarku. Amma ko ƙarya ce, wa ta cuta? Mata nawa ne kunya ta hana su sakin jiki da mazansu, sai da aka ce magani ne suka yarda? Ni a ganina ƙaryar da ta gyara shimfiɗa ba abin faɗa ba ce.

Anti Lakcara: Nan ne na rabu da ke, 'yar uwa. Abin da ke da daɗi a kansa ba ya buƙatar a jingina shi da ƙarya. Kuma daɗin nan ba tunanin yaran zamani ba ne, Hajiya, halitta ce. Kan nono cike yake da jijiyoyin ji, babbar cikinsu tana fitowa ne ta tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar. A 2011 Barry Komisaruk da abokan aikinsa a Jami'ar Rutgers ta Amurka suka sa mata 11 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da aka motsa kan nono, sai wurin da ke karɓar saƙon ƙirji ya haska, wannan an zata. Abin da ya ja hankali shi ne sashen da ke karɓar saƙon al'aura shi ma ya haska. Shi ya sa wata in an taɓa ta a sama take jin abin har mararta, wasu 'yan kaɗan ma sukan kai ga gamsuwa ta nan kaɗai.

Hajiya Babba: Mata 11 kacal? Ai ko gidan suna bai cika ba.

Anti Lakcara: Kin yi gaskiya Hajiya, Allah ya ƙara girma, adadin kaɗan ne, kuma ya nuna hanyar da saƙon ke bi ne kawai. Ga mai yawa. A 2006 Roy Levin da Cindy Meston suka tambayi ɗalibai matasa kimanin 300, maza da mata. Wajen kashi 82 cikin 100 na matan suka ce wasa da nono yana tayar musu da sha'awa ko ya ƙara ta. Maza kuwa wajen kashi 52. Sannan kimanin kashi 7 a kowane ɓangare suka ce rage musu sha'awa ma yake yi. Ɗaliban jami'a ne a can, ba matan Kurna ko na Damagaram ba, amma jijiya ɗaya ce.

Amaryar Bana: Maza kuma? Anti, maza fa kika ce?

Anti Lakcara: Su fa. Girman kai ne kawai ba ya barin su faɗa.

Uwargida Ran Gida: To ni ku sa ni a layin kashi 7 ɗin nan, kuma dalilin da saƙon amarya ya ɓata mini rai ke nan. Tun ina amarya ba na son a taɓa ni a wurin. Ba kunya ba ce, 'ya'yana huɗu, wace kunya ta rage? Wani irin ƙaiƙayi nake ji mai haɗe da haushi, gaba ɗaya sai abin ya fita raina. Wuyana da bayana kuwa a taɓa a ga aiki. Yanzu a ce mutum ya zo mini da waya a hannu yana cewa in ban yarda ba sankara za ta kama ni? Wannan ai tsoratarwa ce aka sa mata rigar likita. Maman 'Yan Biyu, kin tambayi wa ta cuta. Ga ni.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, ƙila dai bai iya ba ne. Wasu mazan kamar masu murɗa rediyo.

Uwargida Ran Gida: Ya iya, ya yi a hankali, ya yi haƙuri. Jikina ne haka. Me ya sa in mace ta ce ba ta son abu sai a ce ko ba ta waye ba ko mijin bai iya ba?

Sista Ungozoma: Ku duka biyun akwai gaskiya a bakinku. Akwai wadda garaje ne ya sa ta tsani abin, cizo da matsa da ƙarfi tun jiki bai amsa ba. Irin wannan in aka fara daga kewaye a hankali, aka bar kan sai daga baya, sai labari ya sauya. Akwai kuma irin Yaya, wadda haka Allah ya yi ta, kuma ba ciwo ba ne. Mace ɗaya ma ba kullum take ɗaya ba. Kwanaki kaɗan kafin al'ada nono kan cika ya yi tsami, abin da ya yi daɗi makon jiya yau azaba ne. Haka farkon ciki. Wadda aka yi wa tiyata a mama kuma jin wurin na iya raguwa in an taɓa jijiyar. Miji ba zai san wannan ba sai an faɗa masa.

Hajiya Babba: Har yanzu ba wadda ta ba ni amsar zubewa.

Sista Ungozoma: Ga ta, Hajiya. Nono ba shi da tsokar da ke riƙe shi, fata ce da wasu siraran zaruruwa a ciki. Abin da ke saki da su shi ne ciki, don yana cika sannan ya sauka, sai yawan haihuwa, shekaru, ƙiba da rama kwatsam, girman nonon tun asali, da shan taba. Ko shayarwa da ake ɗora wa laifi, da aka bincika an ga cikin ne mai laifin. Hannun miji bai kai nan ba.

Hajiya Babba: Uhm. Ni dai idona ya ga abin da ya gani. Amma bari in kawo wadda ta fi wannan nauyi. Mai jego fa? In ya tsotsa ruwa ya shiga cikinsa, ba ya zama ɗanta ba? Mu an gaya mana aure ya mutu.

Malama: Bismillah. Hajiya, wannan tambaya ta girme mu duka, don an yi ta tun zamanin sahabbai. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya je wurin Abu Musa al-Ash'ari ya ce ya tsotsi nonon matarsa har madara ta shiga cikinsa. Abu Musa ya ce yana ganin ta haramta gare shi. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce a sake dubawa, shayarwa ba ta haramtawa sai wadda aka yi cikin shekara biyu. Abu Musa ya karɓa, har ya ce kada a ƙara tambayarsa matuƙar wannan malami yana cikinsu. Aya ta 233 a Baƙara ita ta ambaci shekara biyu cikakku, kuma mazhabobin nan huɗu duk suna kan cewa shan babba ba ya haramta aure. Wasu malamai, musamman Hanafiyya, sun hana ya haɗiye da gangan, to sai ya kiyaye. Amma aure yana nan daram. Wasa da nonon matarsa kuwa halal ne, har lokacin al'ada, tunda abin da malamanmu na Malikiyya suka ce a nisanta shi ne tsakanin cibiya da gwiwa.

Maman 'Yan Biyu: Kun ji ko? Halal ne.

Malama: Halal ne, ban ce wajibi ba ne. Allah cewa ya yi a zauna da mata da kyautatawa, kuma jin daɗin shimfiɗa haƙƙin miji da mata ne su biyu. Sannan jingina wa likitoci abin da ba su faɗa ba ƙarya ce, ko da niyyar gyara aure aka yi ta.

Mai Tsohon Ciki: Sista, ni wata takwas nake. In ya yi wasa da wurin sai in ji marata ta ɗaure tamau. In ji tsoro?

Sista Ungozoma: Madalla da kika tambaya. Motsa kan nono yana sa ƙwaƙwalwa ta saki oksitosin, sinadarin da ke tunkuɗo madara kuma yake matse mahaifa. Shi ne allurar da muke yi bayan haihuwa don tsai da jini, shi ne kuma ciwon marar da mai jego ke ji in jariri ya kama nono. A lafiyayyen ciki, ɗan wasa kaɗan ba ya jawo haihuwa, ɗaurewar takan saki da kanta in an daina. Amma in kin taɓa haihuwar bakwaini, ko kina ganin jini, ko an ce mabiyiya ta tare hanya, ko 'yan biyu ne, ku bar shi sai kin yi magana da masu awonki. Kuma kada wadda ta ce za ta jawo wa kanta naƙuda da shi a gida. Masu jego kuma, madara na iya zubowa ana tsaka da sha'ani, wannan oksitosin ɗin ne, ba abin kunya ba ne, a shayar da yaro tukuna a ajiye tawul kusa. In kan nonon ya tsage a bar shi ya warke. In maigida yana da ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, kada bakinsa ya kusanci wurin, don ƙwayar cutar tana da haɗari sosai ga jariri sabon haihuwa.

Maman 'Yan Biyu: To na ji ba ya hana sankara. Amma ba za ku hana ni cewa yana da amfani ba. Wata maƙwabciyarmu mijinta ne ya fara jin ƙullutu a nononta, ita ba ta ma sani ba.

Sista Ungozoma: Wannan kam yana faruwa, mun sha gani. Sai dai ganowa daban, karewa daban. Abin da nake tsoro shi ne mace ta saki jiki ta ce ai oga yana mini rigakafi, ta daina duba kanta. Yawancin matanmu sai abu ya yi nisa suke zuwa asibiti, bayan an gama shafe-shafen maganin daji a gida.

'Yar Shiru: Ku yi haƙuri, ban taɓa magana a zauren nan ba. Ni nono ɗaya ne in an matsa yake fitar da ruwa mai ɗan jini-jini, kusan wata biyu ke nan. Ba na shayarwa, na yaye tun bara. Da na ga saƙon nan a wani wuri sai na ɗauka dattin ne ke fita.

Sista Ungozoma: Ƙanwata, ba datti ba ne. Sau da yawa wani ɗan tsiro ne marar haɗari a cikin hanyar madara, amma jini daga nono ɗaya dole likita ya gani. Ku daina matsa shi daga yau, ke da shi. Ki lura ko akwai ƙullutu, ko kaluluwa a hammata, ko kan ya shige ciki, ko fatar ta sauya, ki faɗa musu. Gobe da safe ki je babban asibiti, sashen tiyata, za su duba ki su tura ki hoto.

'Yar Shiru: Sai ya dawo daga tafiya ranar Laraba, ban taɓa fita ba izini ba.

Malama: Kira shi yanzu a waya ki nemi izinin, ki gaya masa jini ne.

Hajiya Babba: In a Kano kike ki biyo ni ta gefe da kwatancen gidan. Ni zan raka ki, ƙarfe bakwai ina ƙofarki.